Kaset ɗin da Na Ƙi Gogewa

Duk unguwarmu ta Hindawiyya cewa ake yi hassada ce ta sa na ƙi kwafe bikin 'yar gwaggona. Hassadar me? Na ga angon, kunnuwansa kamar marfin tukunya. Ga yadda aka yi.

A gidanmu ni kaɗai na iya haɗa na'urar bidiyo biyu da igiyar waya. In an kawo kaset ɗin biki daga Kano, sai a samo wani tsohon kaset, a liƙe ramin gefensa da salatif, in ɗora bikin a kansa. Abin da ke ciki ya tafi ke nan har abada.

Wani alhaji ne ya kawo na 'yar Gwaggo, aro, da magariba zai karɓa don ana jiransa a unguwar Ammariyya. Gwaggo ba ta je bikin ba. Umra ta zo ta zauna, ba iƙama, wato takardar zama, in ta fita ƙasar ba dawowa. Saboda haka dole a kwafe. Kawu, da ke aiki a Madinar Masana'antu, wato unguwar kamfanoni, ya miƙo wani kaset.

"Injiniyanmu ne ya ba ni, Bature ɗan ƙasar Cek. Wai fim ɗinsu ne, an yi shi da gama Yaƙin Duniya na Biyu. Ba launi, ba dambe. Goge."

Na kunna don in ga ko zaren na da kyau. Falo cike da mata. Ba mai jin yaren, amma wannan bai taɓa hana matan unguwarmu fassara ba.

A fim ɗin, wata mata ce ke ɗinka tauraro a ƙirjin rigar 'yarta. Gwaggo, da yake tela ce, ta ja tsaki. "Ji ɗinki, a karkace." Sai aka buga ƙofa, sojoji suna tambayar takardu. Gwaggo ta miƙe tsaye.

"Jawazat ne, masu kamen iƙama! Ke, kar ki buɗe! Hau sama ki laɓe bayan tanki, shashasha!"

Matar ta buɗe. Ta saka riguna a kan riguna, ta cusa tukunya a akwati. Nan Gwaggo ta yaba. "Ta san hannu. Abin da ke jikinka ba a auna shi a filin jirgi." Ita ma jakarta na bayan ƙofa a ɗaure kullum.

Aka jera mutane, aka tura su jirgin ƙasa, taragon dabbobi. Maƙwabciyarmu ta ce, "To halas, tarhil ne. A mai da su ƙasarsu, su huta, baɗi su dawo."

"Wace ƙasar?" na ce. "Nan ce ƙasarsu. Yahudawa ne. Kashe su za a yi."

Kawu daga bakin ƙofa ya ce, "Injiniya ya ce kakarsa irin jirgin nan ta hau. Ba ta dawo ba."

Gwaggo ta zauna. "Har da yarinyar?"

A fim, matar ta sunkuya ta faɗa wa yarinyar wata magana a kunne, aka ja ƙofar tarago.

An yi la'asar. Maƙwabciya ta ce, "Yalla, goge mana, alhaji na hanya." Na zare kaset, na ɓare salatif ɗin da aka liƙa masa na jefar. Na ce ba zan yi ba. Ta suri abayarta ta fita, kafin ta kai ƙarshen lungu na zama mai hassada.

Na zaci Gwaggo za ta cinye ni. Ta daɗe tana kallon kaset ɗin biki a cinyarta, sannan ta ce, "Ba za a yi rawa a kan mutanen nan ba. Ɗauko na kokawar kawunki, yana ƙarƙashin katifa."

Kawu ya yi ihu, ya yi rantsuwa, ba wanda ya kula shi. Har yau a kaset ɗin, in amarya ta shiga mota, sai wasu ƙatti biyu su fito suna maƙure juna. Gwaggo cewa take dangin ango ne.

Amma maganar da matar nan ta faɗa wa yarinyar a kunne ta hana mu sakat, ni da ita. Ba a barin mace ta je masana'anta, na sani. Sai na yanke: ranar Juma'a Kawu zai kawo mana injiniyan nan. Zan dafa masa shinkafa da kifi, in zaunar da shi gaban bidiyo, ya fassara mana tun daga ɗinkin tauraro.