Matar da Ke Sayen Titi da Soyayyar Tarwaɗa

Duk ranar Juma'a, tun hantsi bai dubi ludayi ba, in ka bi ta bayan cocin Shiloh a garinmu na Lowry Bend, ƙamshin man gyaɗa da ya ji wuta ne zai fara tarbarka. Mis Ozella Merriweather ce ta ɗora tukunyarta ta baƙin ƙarfe a ƙarƙashin rumfar kwano. Tana sanye da hular raga irin ta masu girkin makaranta, wadda ta ƙi rabuwa da ita duk da ta daɗe da yin ritaya, tana mirgina yankan tarwaɗa cikin garin masara da barkono, tana saki cikin mai ba tare da ta ko duba ba. Gefe ga dafaffen ganye, ga burodin masara, ga shayi mai ƙanƙara da sukari ya yi wa yawa har likitocin garin suka gaji da yi mata ƙorafi. Kafin tsakar rana layi ya kai bakin titi: matan masana'antar kaji da takalmansu na roba, direbobin motocin katako, ma'aikatan jinya, har da lauyoyi masu cusa tayen wuyansu cikin riga kada mai ya fallatsa musu.

Ba ta da sakin fuska a bakin tukunya. Ka kuskura ka ce a ƙara maka ganye, sai ta auna ka daga sama har ƙasa.

"Ganye kake so, ko so kake in tambaye ka abin da ya hana ka zuwa taron kwamiti?"

Baƙo zai ɗauka sana'arta ce. Mu da muka tashi a nan Alabama, a garin nan, mun san ko sisi ba ya shiga jakarta. Titi take saye da kifin nan.

Kowace shekara a watan Maris muna yin tattaki daga ƙofar Shiloh zuwa matakalar kotun gunduma, don tunawa da ranar da iyayenmu baƙaƙen fata suka fito neman a rubuta sunayensu cikin masu zaɓe, aka tare su da kulake da karnuka a bakin layin dogo, ba ko ɗaya da ya isa kotun. Washegarin tattaki jarida takan buga hoton magajin gari da na baƙon da ya yi jawabi. Ba ta taɓa buga hoton matar da ta yi ta zarya ofishin gari neman izinin rufe hanya ba, wadda ta roƙo kujeru, ta samo motar asibiti, ta shirya 'yan ganga na sakandare, ta kuma tabbatar akwai banɗaki a hanya don tsofaffi. Mafi tsada a cikin hidimar shi ne titin Depot, babbar hanyar da motocin katako ke bi. Ana biyan 'yan sanda ne gwargwadon daɗewar da titin ya yi a rufe.

A nan al'adarmu take shigowa. Ba a wuce gaban waɗanda suka yi tattakin farko. Su ne a sahun gaba, takunsu shi ne takun kowa, daga mai gari har mai tallan ruwa. Da can, suna da sauran ƙarfi, sai dai matasa su riƙa haki a bayansu. Amma kowace shekara ƙafafunsu na ƙara nauyi, tafiyar na ƙara tsawo, titi na ƙara tsada. Mis Ozella ba ta taɓa kai kuka ko'ina ba. In tsufa ya ƙaru sai ta ƙara kwalin kifi.

Ita kanta ba ta yi tattakin farko ba. Tana ƙarama a lokacin, mahaifiyarta ta kulle ta a gida da ƙannenta ta fita, ta dawo da yagaggiyar riga da kumburarren hannu. Shi ya sa duk magiyar da aka yi mata ta shigo sahun gaba takan ƙi. Kullum tana can ƙarshen ayari, tana kora masu jan ƙafa.

"Ni ban sha kulki ba," in ji ta, "me zan je yi gaba?"

Bana ne abin ya zo da wuya. Cikin tsofaffin nan wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu jikoki ke tura su a keke. Mutum ɗaya ya rage mai takawa da ƙafarsa, Mista Cleophus Dandridge, tsohon mai askin unguwarmu. Shi ma a lokacin kakar da ta wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya tashi yana jan ƙafar hagu, yana dogara ƙarfen nan mai ƙafa huɗu. Daga kujera zuwa ƙofa ma aiki ne. Ya ce ko ta halin yaya sai ya taka har kotu.

Aka zauna taron kwamiti a ɗakin ƙasa na coci. Rabaran Tolliver, wanda bai daɗe da zuwa mana ba, mutumin kirki ne, kuma ya zo da shawara mai kan gado. Ya ce matasa sun fara jan jiki da tattakin, a gayyato babban mai jawabi daga Atlanta, a kafa dandamali da lasifika, gidan talabijin zai zo. Shi kuwa Mista Cleophus a ɗauke shi a mota a gaban ayari, cikin girmamawa. Nan take Dattijo Purnell Gaither, mai gidan shirya jana'iza, wanda shi ke ba mu aron kujeru da mafitan kwali kowace shekara, ya ce ya bayar da doguwar motarsa kyauta.

Mista Cleophus ya juyo a hankali ya dube shi.

"Purnell, motarka sau ɗaya zan shige ta, kuma a kwance. Kada ka yi mini gaggawa."

"Haba, Ɗan'uwa Cleophus, ni fa mai kujeru nake nufi, ba waccan ba."

"Duk ƙamshinsu ɗaya."

Aka yi dariya har da masu share hawaye. Da dariyar ta lafa sai tsohon ya ce, "Ranar tattakin farko a motar 'yan sanda aka ɗauke ni daga layin dogo. Jefa ni aka yi ciki kamar buhun masara. Tun daga nan na yi wa kaina alkawari mota ba za ta ƙara ɗaukata a titin nan ranar tattaki ba."

Mis Ozella ta gyara zaman hularta.

"Rabaran, kuɗin da ke hannu ba zai ɗauki baƙo ya ɗauki titi ba. Shi baƙon nan naka, in ya zo, labarin wa zai ba mu?"

"Labarin waɗanda suka yi gwagwarmaya mana, Mis Ozella."

"To ga mai gwagwarmayar nan zaune kusa da kai, bai nemi kuɗin jirgi ba, bai nemi ɗakin otal ba. Titi kawai yake so."

Gaskiya ta faɗa, amma a gaban jama'a ta faɗe ta, kuma harshen Mis Ozella ba ya da murfi. Rabaran ya ji zafin abin ƙwarai. An yi makonni gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga kai ba, mu kuma muna tsakiya muna kame-kame. Sai wata Juma'a aka ga ya fito da kansa, ya naɗe hannun riga, ya kama sauke kwalayen kifi daga mota. Ba ta ba shi haƙuri ba, ba halinta ba ne. Sai dai ta zaɓo masa yanki mafi tsoka, ta ce ya ci tun da zafi.

Aka soke baƙo, aka soke dandamali, ta je ta sayi titi iyakar abin da doka ta yarda a sayar. A nan ta tarar da katanga: hanyar ta jiha ce, komai kuɗinka ba a barinta a rufe bayan tsakar rana. Ta matso da lokacin tashin ayari zuwa sassafe iyakar yadda aka amince mata. Duk da haka ta san ba zai isa ba, domin ranakun Asabar takan je ta taka da Mista Cleophus a bakin gidansa, ta ga yadda ƙafar ke tafiya. In aka buɗe titi yana tsakiyar hanya, dole ayari ya koma gefen masu ƙafa, inda siminti ya farfashe, ba zai biyu da ƙarfensa ba. Abin da zai rage kuwa shi ne motar Purnell.

Daga nan farantin kifinta ya zo da sharaɗi. Duk wanda ya miƙo hannu sai ta riƙe farantin tukuna.

"Ranar tattaki, da tsakar rana, ina za ka kasance?"

"Wataƙila a hanya, Mis Ozella."

"To in ka tsinci kanka a titin Depot, ka kashe mota ka zare makulli. Ka ji ni, ko in maimaita wa uwarka ranar Lahadi?"

Haka ta yi ta yi tun daga Janairu, mutum ɗaya bayan ɗaya, ba takarda, ba sanarwa.

Ranar ta zo da sanyi-sanyi. Mista Cleophus ya fito cikin baƙar kwat da ta yi masa yawa, ya tsaya a gaba, gari ya jeru a bayansa. Ya ɗaga ƙarfe ya ajiye, ya jawo ƙafa, mu ma mu matsa. 'Yan ganga suka rasa yadda za su yi da kiɗansu, suka koma bugu ɗaya-ɗaya. A layin dogo, inda ake yin shiru kowace shekara, ya daɗe a tsaye, kansa a sunkuye, ba wanda ya san hutawa yake ko tunani. Ana hango hasumiyar kotu, amma da sauran tafiya, sai jiniyar masana'antar kaji ta buga tsakar rana.

Saje Renita Boykin, wadda ke kula da rufe titin, ta tako har ƙarshen ayari, idonta ya kaɗa.

"Mis Ozella, lokaci ya cika. Umarni aka ba ni. In ban buɗe ba, aikina ne a kan layi."

"Buɗe, 'yata. Ban yi shekaru ina cika miki faranti a makaranta don a kore ki daga aiki ba."

Aka janye shingaye. Motar farko ta matan masana'antar kaji ce. Ba ta motsa ba. Ƙofofi suka buɗe, matan suka fito suka tsaya jikin motarsu da hulunan aiki a hannu. Ta bayanta ma haka, da ta bayan wannan. Direbobin katako da suka saba cin kifinta suka kashe inji ɗaya bayan ɗaya, har titin Depot ya yi shirun da ban taɓa jin irinsa ba.

Sai wata ƙatuwar motar katako ta danna hon daga baya, ta fara neman ratsewa. Direban wani farar fata ne daga wata gunduma, bai san Mis Ozella ba, bai taɓa ɗanɗana kifinta ba. Ta nufe shi tana ɗingishi, don gwiwoyinta sun daɗe da gajiya da ita, ta tsaya dab da ƙofarsa.

"Baiwar Allah, me ake jira ne?" ya leƙo yana tambaya. "Kaya na ɗauko."

"Ka hango tsohon can mai baƙar kwat? Kotu za shi."

"To ba wanda zai rage masa hanya?"

"An taɓa rage masa sau ɗaya. Bai ji daɗin tafiyar ba."

Mutumin ya dubi tsohon, ya dubi matan da ke tsaye, ya yi tsaki ya kashe mota. Ban ce ya fahimci komai ba, ita ma ba ta yarda da shi ba. Dafa matakin motarsa ta yi, ta ƙi gusawa daga wurin.

Shi ya sa ba ta ga abin da muka gani ba. Ba ta ga Mista Cleophus ya isa gindin matakala ya saki ƙarfensa ba. Ba ta ga Rabaran Tolliver ya miƙa masa hannu, tsohon ya kama, suka hau tare, Rabaran na kuka a fili ba kunya. Matasan da ake cewa sun ja jiki suna nan sun cika filin, ba wanda ya yi musu jawabi, ba kuma wanda ya motsa. Ita waƙa kawai ta jiyo ta tashi daga can gaba. Saje Renita ta zo da sassarfa ta ce mata, "Ya isa, Mis Ozella. Da ƙafarsa." Ta zauna a kan matakin motar, ta rufe fuska da hannu biyu, ta yi kukan da ba mu taɓa sanin tana da shi ba. Da ta gama ta ɗaga kai ta dubi direban.

"Tashi motarka, ɗana. In ka biyo ranar Juma'a, farantinka na wuyana."

Mis Ozella, ke ce kika tsaya a bakin wuta shekara da shekaru don wasu su tsaya a gaban kyamara. Ke ce uwar bayan ayari, mai faɗa a baki, mai tausayi a hannu. Kin zage mu, kin ciyar da mu, kin hana mu manta waɗanda suka sha duka domin mu iya shiga rumfar zaɓe kanmu a ɗage. Ranar da titi ya ƙi sayuwa da kuɗi, mutuncinki kika fitar kika biya da shi. Muna ƙaunarki, ko da za ki ce mu daina surutu mu je mu wanke tukunya. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sassauta miki ciwon gwiwa.

Likita ya hana ta tsayuwa a bakin mai, wannan karon kuma ta ji magana. Juma'ar da ta wuce ta rataye matsaminta a ƙusa. Ku da ke karanta wannan, 'yan Lowry Bend da na sauran garuruwa masu irin ranarmu, ku duba waye ke ƙarshen ayarinku, ku je ku kama masa tun yana da sauran ƙarfi. Mu nan ba mu da lokacin jinkiri. Na je gaishe da Mista Cleophus shekaranjiya, na same shi yana gwada taku daga kujera zuwa ƙofa. Ya ce in gaya wa kwamiti baɗi ma zai taka, kuma kada kowa ya sa ran ƙafarsa za ta ƙara sauri.

Don Allah, ranar Juma'a mai zuwa wani ya zo ya hura wutar tukunyar nan.