Hannun Inna Mai Kuka

Shekarar da ƙodar Inna ta gaza, likitocin Maraɗi suka dasa mata ɗan bututu a hannun hagu, tsakanin jijiyoyi biyu, don ta nan za a riƙa wanke mata jini. Tun ranar hannun ya kama kuka. In ka ɗora yatsa sai ka ji yana ziza, kamar ƙudan zuma cikin gora. Lokotoro ya ce, "Muddin yana kuka, lafiya lau. In ya yi shiru, ku kawo ta da gudu."

Mu kuwa muka riƙe maganar gam. Kowace safiya in kanga kunne in ce, "Inna, yana nan." Ta ce, "Madalla."

Da damina zazzaɓi ya kama ta. Yo wa ke tada hankali kan zazzaɓi a Madarumfa, bakin tabki, inda sauro ke cizo da rana tsaka? Muka sayo maganin masassara. Gulbi ya kawo, hanya ta yanke, ranar wanki ta wuce mu. Wurin bututun ya kumbura, yana sheƙi, yana harbawa har kana gani daga bakin ƙofa. Kukan kuwa sai ƙaruwa. Wallahi murna muka yi.

Yayarta, da muke kira Iya, ta zo dubiya. Ƴar bori ce, ban taɓa ganin ta tsorata ba. Ta taɓa wurin, ta fizge hannu, ta goge a zane.

"Wannan ba kukan bara ba ne. Ana cin wani abu a ciki."

Na ce, "Haba Iya, ke komai iskoki!"

"Ni ban ce iskoki ba, ɗan nan. Na ce ana ci."

Ta ƙi taɓa fura, ta zauna tana kallon hannun.

Da hanya ta buɗe muka kai Inna asibiti. Mai sa allura ta yaye mayafin, ta tsaya cik, ta fita kiran lokotoro. Ya ce ƙwayar cuta ce ta maƙale jikin bututun tana cin bangon jijiya, abin da ba kasafai ake gani ba. Suka cire bututun, suka yi ta allurai, duk da haka yatsun suka yi baƙi. Aka yanke hannun.

Ni aka miƙa wa shi cikin farin ƙyalle, in kai gida a binne. Har yau ina jin nauyinsa a cinyata. Da na koma, Inna ta tambayi inda muka sa shi, na faɗa mata.

Ta ce, "Kun bar wuri kusa da shi?"