Ranar Ƙarshe ta Muryar Yaya

Ko da zan manta komai na zaman da muka yi a Alƙahira, ranar da Yayana ya ja ni zuwa kasuwar Ataba, ana gobe za a yi masa tiyata, ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun shuɗe, mun dawo gida, yaran da nake goyo a lokacin sun fi ni tsawo, amma har yau in na ji ana kaɗa jita a hankali sai in ajiye abin da ke hannuna.

A lokacin maigidana yana aiki a ofishin jakadanci, muna zaune a unguwar Dokki. Yaya shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, kuma tazarar da ke tsakaninmu ta isa a ce shi ya haife ni. An kawo shi daga Kaduna ne saboda ciwon daji da ya kama masa maƙogwaro. Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce za a cire wurin da murya ke fita gaba ɗaya. In Allah ya so zai rayu, amma maganar da muka san shi da ita ta ƙare.

Sai na faɗi ko wane ne Yaya, don a gane abin da hakan ke nufi gare shi. Mai ƙirƙirar waƙa ne da bai taɓa tsayawa gaban jama'a ya yi waƙa ba. Tun yana saurayi, zamanin da samarin Kaduna da Jos ke sa wando mai faɗin ƙafa suna bin waƙoƙin Turawa masu sanyi, irin na jita da fiyano, ya faɗa cikin makaɗan otal. Bai ƙware a kan kowane abin kiɗa ba, bai kuma san rubutun kiɗa ba. Kunne Allah ya ba shi. Karin waƙa zai zo masa yana wanka ko yana kan babur, sai ya shiga situdiyo ya zaunar da makaɗa, ya rufe baki ya rera musu da maƙogwaro. Mai jita ga naka, mai fiyano ga naka, mai ganga ka jira sai na ɗaga hannu. In an gama a kira wani mai zaƙin murya ya hau kai, a manna hotonsa a jikin faifai, 'yan mata su yi ta rububi. Sunan Yaya kuwa, in an tuna da shi, yana can baya daga ƙasa, sai ka sa tabarau za ka gani.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai sa wa wannan sana'a albarka ba. Amma na taɓa kama shi yana gyaran kekensa yana bin wani kari da ya ji a rediyo a ƙasan maƙoshi, bai san na ɗansa ba ne. Da na kai wa Yaya labari ya yi dariya har da hawaye, ya ce in na kuskura na gaya wa Baba sai ya karya ni.

To, ranar da nake magana, likita ya ce ya kwanta ya huta, kada ya wahalar da muryar. Na dama masa kunun gyaɗa, na kori yara daga falo. Bayan azahar na fito sai na gan shi zaune ya sa hula, ya sa takalmi.

"Yaya, ina zuwa kuma?"

"Auta, ɗauko mayafinki. An ce akwai layin masu kayan kiɗa kusa da Ataba."

Ni dai an san ni da saurin hawa, kuma ranar ban ɓoye ba. Na ce, "Haba Yaya! Gobe wuƙa za a sa maka, yau kana neman makaɗa? Mutane na tara maka addu'a daga Kaduna har nan, kai kana tunanin jita?"

Bai yi fushi ba. Ya jira na gama zubawa, sannan ya ce da wannan muryar tasa da ta riga ta dusashe, "Akwai waƙa guda ɗaya da ban sauke ba. Ta Antinku ce. Ba na rubutawa, ba na kaɗawa." Ya taɓa wuyansa. "Nan kaɗai take da hanyar fita. In an rufe gobe, ta zauna a kaina ke nan har kabari."

Anti matarsa ce, ta rasu 'yan shekaru kafin nan. Tun ina yarinya nake jin tana tsokanarsa, wai ya yi wa budurwar kowa waƙa a garin Kaduna, ita da ke wanke masa kaya ko kari ɗaya ba ta samu ba. Kullum amsarsa ɗaya ce, nata na nan tafe. Ashe da gaske yake. Ya yi ta juya abin a kansa, yana gyarawa, bai gamsu ba, har ta tafi ba ta ji ba.

Ban sallama nan take ba. Na ce to ga waya, ya rera in ɗauka, ba sai mun fita ba. Ya girgiza kai. Ya ce muryarsa ba ta taɓa shiga faifai ba tun tana da lafiya, balle yanzu. Kuma abin da ke fitowa daga bakinsa yanzu ba shi ne abin da ke kansa ba, rabi iska ce. Sai an sami mai kunne da zai ji ɓataccen ya gane daidan, shi kuma yana zaune yana gyara masa. Sai na ɗauko mayafin.

Muka shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, daga Dokki. Duk wanda ya san Ataba da rana ya san ba wurin kai marar lafiya ba ne. Masu talla na ihu, masu turo kaya na cewa a kauce, ni ina riƙe da hannun rigarsa ina masifa, shi kuma yana tafe yana kallon sama kamar baƙon da ya zo yawon buɗe ido. Muka sami layin, shaguna an rataye ganguna da jita har bakin ƙofa. Larabcina na kasuwa ne, na cefane da rigima da masu tasi, da shi na yi ta bayani. Shago na farko suka ɗauka saye muka zo. A na biyu wani saurayi ya danna fiyanon lantarki, kiɗan biki ya tashi har gilashi na rawa, Yaya ya toshe kunne ya fice. Tari ya fara kama shi, muryar na ƙara shaƙewa, ni kuma tsoro ya fara shigata, kada ta ƙare a kan titi kafin mu sami mai ji.

Wani mai gyaran ganguna ne ya saurare ni har ƙarshe. Ya nuna wani tsohon bene da haɓa ya ce, "Hau sama, ya madam, ku tambayi Ustaz. In bai kore ku ba, shi ne mutuminku."

Ustaz ɗin tsoho ne siriri, farin gashi, sanye da rigar sanyi duk da zafin da ake yi. Ɗakin ƙarami, bango ɗaya kaset ne tun daga ƙasa har sama. Ya saurare ni fuska ba walwala, ya ce ma'alish, mu yi haƙuri, shi ya daina, yatsunsa sun tsufa. Na juya zan fassara, sai na ga Yaya ba ya ma kallonmu, kaset ɗin yake bi da ido.

"Auta, tambaye shi, duk ya yi kiɗa a cikinsu?"

Na tambaya. Tsohon ya ce kusan duka.

"A nawa aka sa hotonsa?"

Da na fassara, Ustaz ya tsaya ya ƙare wa Yaya kallo. Sai ya kwashe da dariya, Yaya ma ya kama, dariyarsa ba sauti sai kafaɗu ke rawa. Ni ce kaɗai a ɗakin ban ga abin dariya ba. Tsohon ya jawo jita daga bayan kujera, ya kaɗa farkon wata tsohuwar waƙar Turawa mai sanyi, ya ɗaga gira. Yaya bai faɗi sunan mawaƙin ba, sai ya faɗi sunan wanda ya kaɗa jitar a faifan. Ustaz ya buga cinya. Ya kaɗa wata, Yaya ya faɗi mai gangar da wanda ya tsara kiɗan. Ranar na fara sanin cewa waɗancan waƙoƙin da duniya ta haddace, sau da yawa 'yan mutane kaɗan ne ke zaune a bayansu, suna tashi daga wannan tauraro su koma wa wancan, kuma akwai masu riƙe da sunayensu a zuciya daga Kaduna har Masar kamar sunayen dangi.

"Yalla, a fara," in ji Ustaz. "Ya rera."

Yaya ya rufe ido, ya rufe baki, ya fara. Wallahi ni ban ji waƙa ba. Wani kurman sauti na ji, yana yankewa yana dawowa, har kunya ta kama ni a madadinsa. Amma tsohon ya sunkuyar da kai, ya kawo kunnensa dab da ƙirjin Yaya, yatsunsa na lalube a kan tsirkiya. Kaɗan kaɗan abu ya fara fitowa. Sai dai Ustaz Bamisire ne, duk inda ya sami sarari sai ya lanƙwasa sautin ya yi masa ado.

Yaya ya buɗe ido. "Ce masa ya rage kwalliya. Antinku ba ta son tarkace."

Na fassara yadda zan iya. Tsohon ya ɗaure fuska ya ce, "Mu nan haka muke kuka."

"Ce masa mu a can ba a jin namu daga waje."

Ustaz ya yi ƙwafa, amma ya cire adon. Daga nan ba su ƙara nemana ba. Na koma gefe na zauna a kan wani akwati, ina kallon tsofaffi biyu da ba sa jin yaren juna suna gardama da hannu da gira.

A tsakiyar karin akwai wurin da sauti ke hawa sama, kuma nan muryar Yaya ta ƙi. Ya gwada, ta karye. Ya sake, tari ya turnuƙe shi har ya dafa bango. Na miƙe na ce khalas, ya isa haka, mu tafi gida. Ko kallona bai yi ba. Ustaz ya leƙa ta taga ya kira mai shayi, aka kawo yansun mai zafi, wani ganye da mawaƙansu ke sha don maƙogwaro. Yaya ya kurɓa, ya sake gwadawa, iska kawai ta fito. Na ga idonsa ya kaɗa ya yi ja. Tun da nake ban taɓa ganin tsoro a fuskar Yaya ba sai ranar, kuma ba tsoron tiyata ba ne.

Sai tsohon ya kama hannun Yaya ya ɗora a kan gwiwarsa. Ya koma farkon wurin, ya kaɗa har bakin inda aka tsaya, sannan ya taɓa sauti ɗaya ya jira. Yaya ya girgiza kai. Ustaz ya taɓa na sama da shi. A'a. Ya sake hawa. Ina ganin yatsun Yaya suka damƙe gwiwar nan. Haka suka bi sauran, sauti bayan sauti, ɗaya na nema ɗaya na matsawa, har suka sauko ƙarshe. La'asar ta yi, kiran salla ya tashi daga masallatan unguwar, suka dakata, muka yi salla a nan ɗakin.

Bayan an idar Yaya ya ce da raɗa, "Yanzu ɗauko wayar. Jitar kaɗai za ki ɗauka."

Ustaz ya gyara zama ya kaɗa ta daga farko har ƙarshe. A lokacin na ji abin da ya zauna a kan Yayana duk shekarun nan. Ba ta da hayaniya, tafiya take a hankali, irin tafiyar Anti in ta fito da tire daga kicin. Na tambayi Yaya a hanyarmu ta komawa gida ina kalmomin, ya ce bai samo waɗanda suka isa ba. Na yi kuka a ɗakin baƙon mutum ba kunya. Da muka tashi tafiya tsohon ya rungume Yaya, ya sumbaci goshinsa, ya rako mu har ƙasan bene.

Washegari aka yi tiyata, aka kuma yi nasara. Yaya ya koma Kaduna ya ƙara wasu shekaru, yana magana da hannu da ido, kafin Allah ya karɓi abinsa. Ban sake komawa benen nan ba, ban san ko Ustaz na raye ba.

Sai bayan rasuwar Yaya na iya zama na saurari abin da na ɗauka da kyau. A daidai wurin da sauti ke hawa, lokacin da jitar ta taka inda suka sha wahalar nema, akwai wata 'yar murya daga gefe, a dusashe, ta ce, "Yauwa. Nan ne." Ya manta ana ɗauka. Mutumin da ya cika rediyo da waƙoƙi, abin da ya rage mana na muryarsa a duniya ke nan. 'Ya'yansa duk sun karɓa a wayoyinsu. In an kunna wa baƙi sai su ce kai, mai jitar nan gwani ne, mu kuwa sai mu kasa kunne muna jiran wurinmu.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, duk waƙar da ta taɓa zuciyata akwai wani a bayanta da ban san fuskarsa ba, kuma wataƙila shi ya fi kowa ciwon abin. Ta kuma koya mini in daina katse mutanena in suna magana. Na yi shekaru ina ce wa Yaya ya cika surutu. Yau da za a ba ni zaɓi, zan zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ya yi ta ba ni labarin makaɗan da ban sani ba har rana ta faɗi, ba zan ce masa ya isa ba.