Baba Garba da littafin tsohon kan jirgi

Da safen nan labarin ya same ni, ina bakin atiliye, wato wurin gyaranmu, ban ko canja kaya ba. Hajiya Rabi ce ta kira, 'yar Baba Garba mai sayar da atamfa a kasuwar Adawlato. Ta ce, "Nasiru, Baba ya cika bayan asuba."

Na ce wane Baba, alhali na sani.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Garba Mekanisiyen, tsohon makaniken jirgi, ya rasu.

Yawancinku ba ku san shi ba. Ko a Zongo, matasa sun san shi ne kawai da tsohon nan mai zama kan benci gefen masallaci, da rediyo a cinya. Bari in gaya muku yadda ni na san shi.

Masu bin shafin nan sun san aikina. Ina gyaran kan jirgin ƙasa, ƙananan nan masu shan gazuwal, wato man dizal, da ke jan taragu suna jera su a cikin yadin tasha, ba masu tafiya mai nisa ba. Akwai wani tsohon kan jirgi a wurinmu da ya girme ni nesa ba kusa ba. Shekara uku da suka wuce ya ɗauko wani hali: injin ya tashi lafiya, ya yi gaba lafiya, amma da an sa shi baya sai ya ƙi. To shi da aikinsa ke nan, gaba da baya yini guda.

Ba mu da manual ɗinsa, wato littafin bayanin gyaransa. Wanda ke ofis gara ta ci rabi tun kafin a ɗauke ni aiki.

Na nema har na gaji. Na rubuta wa kamfanin da ya ƙera shi, ashe ya daɗe da rufewa. Na shiga group-group na tsofaffin ma'aikatan jirgi a intanet. Wani dattijon Bature ya turo mini hotunan littafi guda cur, Allah ya saka masa, amma na wani samfurin ne. Wani ya turo na Jamusanci, babu zanen bututun iska, wanda shi nake nema. Har a nan na yi cigiya, wasunku suka yi ta tsokanata wai na zama likitan gawa.

Shef ɗinmu, wato shugaban wurin aikinmu, ya ce in damina ta wuce bai gyaru ba, za a kira masu tsohon ƙarfe su yanka shi. Abokan aikina ko a jikinsu. Su sun fi son sababbin, waɗanda ake jona wa kwamfuta ta faɗi abin da ke damunsu. Lokacin cin abinci kowa ya watse, ni kaɗai nake saura a ƙarƙashinsa da tocila.

Maigadinmu, Fo Komi, shi ya ga abin ya ishe ni. Ya ce, "Ka je Zongonku. Akwai wani tsoho Garba, hannunsa ya daɗe a cikin injin nan."

A Zongo aka haife ni kafin mu koma unguwar Agbalépédo. Na wuce ta gaban bencin nan ya fi a ƙirga, ban taɓa tsayawa ba.

Ranar da na je, muka gaisa, ya tambaye ni ɗan gidan wa, ya ce ya san kakana. Da na faɗi lambar kan jirgin sai ya kashe rediyon.

Ya ce, "Gwaggo tana nan da rai?"

Haka suke kiransa a zamaninsu, Gwaggo.

Ya shiga ɗaki ya jawo wata adakar ƙarfe. A ciki littafin yake, a naɗe cikin tsohon zane, yana warin kafur. Da Faransanci ne, mai kauri, ko'ina tabon yatsa da baƙin mai. Gefen kowane shafi kuma cike da rubutun ajami da fensir.

Ya ce, "Turawan sun rubuta yadda suka ƙera ta. Ni kuma na rubuta yadda take."

Na roƙi ya ba ni in je in yi fotokopi in dawo da shi kafin magariba. Ya ce a'a, littafin nan bai taɓa fita daga gidan ba tun da ya yi ritaya. In ina so, in zo in zauna.

Haka na fara zuwa duk Asabar bayan la'asar. Ina ɗaukar hoton shafukan da waya, shi kuma yana karanta mini ajamin ina rubutawa da boko. Kunya ta kama ni ranar farko, don ni ɗan lakwal ne, wato ɗan boko, allo na bari da wuri, rubutun hannunsa ya fi ƙarfina. Bai taɓa yi mini gori ba. Sai dai ya ce, "Matso kusa, ɗana, wannan ba wuya."

A Asabar ta huɗu muka kai wurin da matsalar take. Ashe akwai wani ɗan bawul na iska a ƙarƙashin daɓen da direba ke tsayawa, su Baba ne suka ƙara shi da hannunsu shekaru masu yawa da suka wuce. Babu shi a zanen Turawa. Da na sami manual sabo fil daga ƙasar waje ma, da ban gan shi ba. Yana gefen shafi, layi biyu da fensir.

Da na koma aiki na cire shi, tsatsa ta cika shi. Na wanke, na mayar. Gwaggo ta yi baya.

Na waiga in gaya wa wani, babu kowa a yadin, duk sun tafi cin abinci. Sai na kira Baba a waya. Na gaya masa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka riƙa zubar mata da ruwan tankin iska kowace safiya, kar ka yi ƙyuya."

Aiki ya gyaru, amma ban daina zuwa ba.

Kullum sai na tarar ya ajiye mini goro, ni kuwa ba na ci. Ban taɓa gaya masa ba. Nakan karɓa in kai wa Fo Komi.

Ya ba ni wata sifana da ya goge bakinta da kansa ta yi siriri, don akwai wani noti da babu sifanar da ke shiga wurinsa sai ita.

Da mahaifiyata ta rasu, ya hau zemijan, wato acaba, tun daga Zongo har Agbalépédo, da gwiwoyin nan nasa da ko matakalar masallaci sai an riƙe shi. Ya zauna kusa da ni, bai yi dogon wa'azi ba. Ya dafa kafaɗata kawai har aka shafa fatiha.

Shi kaɗai yake zaune. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya'yansa maza suna Accra da Kumasi. Hajiya Rabi ta yi ta fama ya koma wurinta a unguwar Cacavéli, ya ce can bai san limami ba, limami bai san shi ba. Wata rana na tambaye shi abokan aikinsa na da. Ya jero sunaye, Hausawa da Ewe da Kabye, yana naɗe yatsu. Ya ce, "Duk wanda zan ce wa ka tuna, ya tafi."

Zuwana na ƙarshe sati uku ke nan. Ban same shi a benci ba, yana kwance a ɗaki. Na kunna masa ƙarar injin Gwaggo da na ɗauka a waya don in faranta masa. Ya rufe ido. Ya ce in sake. Na sake.

Ya ce, "Silinda na huɗu ba ya shan mai daidai. Duba nozul."

Ranar Litinin na duba. Haka ne.

A zuwan nan nawa na ƙarshe, kafin in tashi ya ce, "Nasiru, ka kai ni in gan ta mana. Ko daga nesa."

Na ce, "In sha Allah, Baba, bari in nemo takardar shiga."

Takardar nan sa hannun mutum ɗaya kawai take buƙata. Na karɓo fom ɗin, na cika sunansa. Aiki ya yi yawa, na ce sati mai zuwa. Satin ya zo na ce bari ya ɗan ji sauƙi. Yanzu haka fom ɗin yana cikin durowata.

A ranar da ya roƙe ni ɗin nan ya turo mini littafin da zanen da yake naɗe a ciki ya ce in tafi da shi. Na ce ai ba mu gama ba, Baba, a babin birki muka tsaya. Ya ce, "Tafi da shi dai."

Akwai shafukan da har yau ban san abin da ya rubuta a gefensu ba. Zan sami mai karanta mini ajamin, na sani. Amma wanda zan tambaya me kake nufi a nan, babu shi.

Za a yi jana'iza bayan azahar a masallacin unguwarsu. Na karɓi izini, yanzu zan kama hanya.

Allah ya jiƙan Baba Garba, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya koyar ya zame masa sadaka mai gudana. Allah ya ba Hajiya Rabi da 'yan'uwanta haƙuri. Ni kuma Allah ya yafe mini jinkirina.

Sa'o'insa sun riga shi tafiya, masu tuna shi a addu'a ba su da yawa. Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko ba ka taɓa ganinsa ba, ka tsaya ka karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku kafin ka wuce. Sunansa Garba ɗan Adamu.