Wayar da Muka Kife da Ƙwarya

Ranar wata Asabar ce da hantsi, bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji uku na firamare, wanda daga shi ban ƙara gaba ba. Muna zaune a tsakar gidanmu, can ƙauyenmu na wajen Fagam, an zube gyaɗa a tabarma ana ɓara, awaki na ta kai mana farmaki muna kora, sai wayar Kawu Idi, ƙanen babanmu, ta ɗauki kuka. Ita kaɗai ce waya a unguwar, kuma sabis ba ya sauka ko'ina sai gindin darbejiyar gidanmu, shi ya sa ya kafa mata ƙusa, take wuni a rataye kamar laya. Da can in ta yi ƙara har faɗuwa muke wajen rige-rige. Ranar kuwa Kawu ya leƙa fuskarta, ya ga lamba ce tsirara ba suna, ya ja da baya yana salati. Da bakin sanda ya sauko da ita, ya ajiye a gindin bishiyar, ya kife ta da ƙwaryar awo. Sai ƙwaryar ta ƙara mata murya, tana ta gurnani a ciki kamar an rufe buzuzu.

Abin da ya jawo haka, ni ma da bakina a ciki wajen kawo shi gida. A filin makaranta muka jiyo, muna carafke a bayan aji, wai wani a kasuwar Birnin Kudu ya ɗaga baƙuwar lamba, jini ya ɓalle masa ta hanci da kunne, ya faɗi nan take. Kafin labarin ya kai bakin rijiya mutum ɗaya ya zama uku, kafin ya kai ƙofar masallaci lambar ta zama ja. Babu wanda ya san sunan mamacin, babu wanda ya je gaisuwa, amma maza suka yanke cewa daga yau lambar da ba a sani ba, ba a taɓa ta.

To ga inda gizo ke saƙar. Babanmu rakiyar shanu yake yi zuwa kudu. A loda su a tirela, ya hau sama tare da su, rana da ruwa a kansa, yana tayar da wadda ta kwanta kada 'yan'uwanta su tattake ta. Ba shi da waya. Duk inda suka tsaya sai ya ari ta direba ko ta mai shayi, don haka bai taɓa kiranmu da lamba ɗaya sau biyu ba. Wannan karon ya tafi tun kafin Sallah, aka yi Sallah babu shi, Umma ta soya kason namansa ta rufe a tukunya. Sai kuma ga wani labari na yawo, wai wata tirelar shanu ta kife a hanya.

Gida cike da masu son jin muryarsa, amma babu bakin da zai iya furtawa. Inna, kakarmu, shi ne ɗanta na fari. Bafulatana ce ta asali, ko da yake Fulatancin ya gudu daga bakinta sai na zagin awaki. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai "mutumin nan". In ya dawo daga tafiya ya durƙusa gaida ta, kaji take kallo tana amsawa. Yaya za a yi ta buɗe baki ta ce a ɗaga waya, ƙila ɗana ne? Umma kuma ba za ta nuna ɗokin miji a gaban suruka ba, ko da zuciyarta za ta fashe. Kawu ya san duk wannan, amma yana tsoron hancinsa. Ni dai Allah bai ba ni kan karatu ba, kunne ya ba ni. Ɓarar gyaɗar Inna tana da kiɗanta, ƙas, ƙas, ƙas, ba ta saɓawa. Da wayar ta fara kuka sai kiɗan ya tsaya cak, ba zai dawo ba sai ta katse.

Haka muka yi kwanaki. Mu ɗebo ruwa, mu yi surfe, mu zuba wa tumaki harawa, kowa na zagaye gindin darbejiya kamar an ce akwai kububuwa. Dare ya yi a yi gaɗa ba armashi. Ga caji na ta zurarewa, kuma ba a samunsa sai ranar kasuwa, a kai wa mai janareta a Gwaram. Ran nan da la'asar Kawu ya ɗaga ƙwaryar ya leƙa, ya ce saura ƙiris ta mutu. Bai rufe baki ba ta ɗauki kuka. Inna ta kakkaɓe zaninta, ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "A gidan ubana ba a barin mai sallama a tsaye." Kawu ya ce, "Inna, mutuwa ce fa a ciki!" Ta ce, "To ita ma in ta yi sallama ai sai a amsa mata." Ta ɗauki wayar a juye, ƙafa a sama, ta waiwayo ta ce mini, "Ke mai kunnen zomo, ina ake matsawa?" Daga nesa na nuna mata koren maɓallin.

Daga inda nake na jiyo babanmu, cikin hayaniyar motoci, muryar ta dishe: "Salamu alaikum, Idi ne?" Inna ta amsa sallamar, ba ta ƙara ko harafi ba. Amma ta bar wayar a kunnenta fiye da yadda sallama ke bukata, yana ta "Idi? Idi?" tana saurare. Sannan ta miƙa wa Kawu ta ce, "Ungo, ba ni ake nema ba." Ashe mota ce ta lalace musu, zazzaɓi kuma ya kwantar da shi a garin mutane, yana ta aron waya yana kira, har ya ɗauka wani abu ne ya faru a gida. Inna ta koma kan tabarma, kiɗanta ya dawo. Sai dai na lura ƙwayar take watsa wa awaki, ɓawon take tarawa a ƙwarya.

Yau ina aure a Birnin Kudu, wayata na ƙulle a gefen zani, kuma na gaji da ita, wallahi na gaji. Hannuna cikin ƙullu za ta yi kuka, in wanke in ɗauka, a ce, "Hajiya barka, kin ci kyauta." Wani ya ce daga banki yake, in karanto masa lambobin katina. Wani har kukan ƙarya ya yi mini, wai ɗan'uwana na asibiti. Maigidana direban babbar mota ne, kullum zai tafi sai ya ja mini kunne kada in ɗaga lambar da ban sani ba, sannan cajinsa ya ƙare a hanya, ya kira da ta yaron mota, ya dawo yana mitar ban ɗauka ba. Da, an ce mutuwa ce a ciki, ƙarya ne. Yanzu an ce ɓarayi ne, kuma gaskiya ne. Sai na ɗauki dabarar Inna, Allah Ya jiƙanta: in ɗaga, in amsa sallama, in kama bakina in saurara. In ba nawa ba ne in kashe, in koma kan ƙulluna. Ba na iya kife ta da ƙwarya, don na taɓa jin wanda ke ƙarƙashinta.