Waƙar Da Aka Ce Ta Aljanu Ce

A lokacin ina da shekara ashirin da shida, ina koyarwa a wata firamare a Sakajiki, ina zaune gidan yayana a Ƙaura tun bayan rasuwar Innarmu. Ni ba mai yawan ƙawaye ba ce, wayata ce abokiyar hirata. A nan na ci karo da wasu waƙoƙin Japan masu siririyar murya, mai gudu, wadda ba ta tsayawa jan numfashi. Da na bincika sai na gano manhajar kwamfuta ce ke rerawa: mutum ya rubuta kalmomi da karin sauti, na'ura ta fitar da murya. Abin ya burge ni. Kullum sai na samo sabuwa, in bi fassararta layi-layi. Wadda na fi so tana maganar wata mai jiran jirgin ƙasan da ba ya zuwa, sai in riƙa tuna tasharmu ta Ƙaura.

Kuskurena ya faru ne wata rana lokacin hutun tara a makaranta. Wata malama da muke cin abinci kwano ɗaya ta zare abin sauraren waƙa daga kunnena ta saurara, ta yamutsa fuska ta tambayi wace ce wannan. Don tsokana na ce mata ai ba mutum ke rerawa ba, na yi dariya na shige aji. Ban ƙara bayani ba, don ina jin daɗin in nuna na san abin da ba su sani ba. A kwanakin kuwa ina fama da ciwon kai na ɓari ɗaya. Ta haɗa wannan da wancan, ta baza zancen a gari. Kafin Juma'a iyaye sun fara hana 'ya'yansu shiga ajina, wai Malama na sauraren aljanu. Hedimasta ya kira ni, ko ido bai iya haɗawa da ni ba, ya ce in je in huta.

Da na isa gida na tarar Yaya ya kira Kawunmu daga Zurmi. Na yi rantsuwa, na ce su ba ni minti biyu in nuna masu yadda ake haɗa muryar. Kawu ya ce kada a bari in kunna. Na ɗaga murya don baƙin ciki, sai ya juya ya ce wa Yaya, "Ka ji ko? Ba ita ka magana ba." Duk abin da na faɗa daga nan ya zama shaida a kaina. Yaya ya ƙwace wayar, ya sa taɓarya ya farfasa ta a gabana, ya jefa masai. Ina ihu ina ce masa saƙonnin muryar Inna na ciki, duk waɗanda ta turo mani ina makaranta, babu su a ko'ina. Suka riƙe ni. Washegari aka kai ni Shinkafi, na kwana uku ana yi mani ruƙiyya da hayaƙi, ni da lafiyata lau.

Wata biyu na yi a gida kafin a mayar da ni wata makaranta wajen Banga. Daga baya Yaya ya ga yadda ake sa na'ura waƙa a wayar abokinsa, ya dawo yana ba da labari yana dariya. Har yau bai ce in yi haƙuri ba. Malamar kuma cewa ta yi don Allah ta yi. Ina gaishe su don zumunci, amma raina bai huce ba, ba kuma zan yi ƙaryar ya huce ba.

Na koyi cewa ba a wasa da magana a gaban mai tsoro. 'Yan'uwana, in kun san wani abu, ku yi bayaninsa tun ana sauraronku. Ku kuma masu gaggawar ceton mutum, ku ji ta bakinsa tukuna. Minti biyu na roƙa. Yanzu in na rufe ido ina neman yadda Inna ke kiran sunana, sai in ji ya fara ɓace mani.