Laka a kan tabarmar Inna Hadiza

Har gobe ban manta da ranar da na tarar da aikina shanye a kan tabarma ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin gona a Belbeji, aikina ɗibar ƙasa in kai wa shef ɗinmu, wato shugabarmu, Madam Rabi, ita kuma ta aika laburatuwar, ɗakin gwaje-gwaje, a Zinder.

A kwarin Tarka akwai wani dattijo, Baba Isufu, mai lambun albasa. Ƙasar lambun ta koma baƙa ƙirin, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, albasa na ruɓewa tun daga saiwa. Ga irin dashe ya isa. Ya ce in ba mu ba shi amsa kafin irin ya tsufa ba, zai bar lambun, ƴaƴansa su tafi ci-rani.

Madam ta yi mini bayani. Akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu rayuwa cikin laka inda iska ba ta shiga. Mu da iska muke numfashi, su kuwa da gishirin farar wuta, kuma abin da suke fitarwa shi ne warin nan mai kashe saiwa. Ta ce, "Mamman, rubutun gadon da ke jikinsu ana iya karanta shi ko sun mutu, ya nuna abin da za su iya yi. Amma kafin in ga abin da suke ci, sai da ransu. Ka cika kwalba, ka toshe, kada iska ta taɓa."

Na cika, na toshe, na ajiye a zauren Baba, na tafi kasuwa neman ƙanƙara don kada zafi ya kashe su a hanya. Nan babu, can babu, ga motar sarwis, ta ma'aikatarmu, za ta juya da la'asar. Sai kai da kawowa nake kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Da na dawo, wayyo! Kwalabe a wanke, a kife. Lakar kuwa an baza ta a rana.

"Inna, wa ya yi wannan?"

Inna Hadiza, matar Baba, ta ce, "Ni mana. Ɗan nan, wa ke tafiya da ɗanyen kaya? Ko kuɓewa sai an shanya. Da ka kai wa manyanka abu yana wari, ai mu ka kunyata."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ina bakin faɗa da uwa? Na kira Madam a waya, na gaya mata. Ta ce, "Shinshina ta. Tana wari?"

Na durƙusa. Babu wari, baƙin ma ya kwashe.

Da na faɗa mata, ta ce, "To, sake ɗibo wata, laburatuwar na jira. Amma gaya wa Baba yanzu: ya rage ban-ruwa, ya tada kunyoyin dashe, ya ja rami ruwa ya tsiyaye. Iskar da ta kashe ƙwayoyin a tabarma ita za ta kashe su a lambu."

Da na isar da saƙon, Baba ya dubi matarsa ya ce, "Ashe ke ce likitan."

Ta ce, "Ni dai a ba ni tabarmata."

Ya dasa, ƴaƴansa ba su tafi ba. Ku sabbin shiga, ga abin da na koya: mutanenmu ba sa ganin kayan baƙo su bar shi ya lalace. In ka ajiye samfurin ƙasa a wani gida a yankinmu na Damargu, yi wa uwar gida bayani kafin mai gida.